Shin akwatunan gindin turke za su koma manhaja? Amsa kan tsarin hidimomi a sashen rediyo na wayar salula

Wani ƙanenmu da ke aikin kula da turakun sadarwa tsakanin Agege da Ikeja ya aiko da tambaya. Ya ce a wurin wani horo an shaida musu cewa nan gaba akwatunan da ke gindin turke za su koma manhaja, kuma za a gina sashen rediyo, wato turaku da na'urorinsu da ke haɗa waya da kamfani ta iska, bisa tsarin hidimomi, inda kowace manhaja take neman aiki daga wata idan ta buƙata, kamar yadda aka gina cibiyar 5G, wato kwamfutocin tsakiya da ke tantance layi da kai data inda za ta je. Yana son sanin abin da maganar take nufi, ko za ta yiwu a Legas, da kuma abin da ya kamata ya koya tun yanzu.

Ƙanena, abin da aka gaya muku gaskiya ne, amma rabinta aka faɗa. Sashen rediyo tarin ayyuka ne masu yawa, kuma abin da ya bambanta su shi ne lokacin da aka ba kowanne ya kammala. Akwai aikin da yake da sakan guda ko fiye, akwai mai kashi ɗaya cikin ɗari na sakan, akwai kuma wanda idan ya wuce rabin milisakan, wato rabin kashi ɗaya cikin dubu na sakan, to ya riga ya zama banza. Tsarin hidimomi ya dace sosai da na farko, ana iya lallaɓa shi ya yi na biyu, amma na uku ya fi ƙarfinsa a halin da ake ciki. Duk wanda ya zo maka da zancen wannan fasaha, ka fara tambayarsa a wane mataki na lokaci yake magana, domin daga amsarsa za ka gane ko ya san abin da yake faɗa.

Mu fara da abin da ka riga ka sani da hannunka. A saman turke akwai eriya da akwatin rediyo, a ƙasa cikin kabad akwai akwatin sarrafa sigina da muke kira BBU, yana cin wutar batir mai bolt 48, kuma siririyar wayar faiba ce ta haɗa su. Yaren da suke yi da juna a cikin wannan faiba shi ne CPRI, wanda Ericsson da Huawei da NEC da Nortel da Siemens suka fitar a 2003. A takarda ƙa'ida ce ta kowa, amma kowane kamfani ya cusa nasa sirrin a ɓangaren sarrafawa, shi ya sa ba ka taɓa ganin rediyon wani kamfani a jone da BBU na wani ba. Haka kuma manhajar da ke cikin BBU a ɗaure take da allunan da aka ƙera musamman dominta. Idan kamfanin waya yana son ƙarin ƙarfi a wani turke, dole a sayo allo, a ɗauko mota, a turo irinku ku saka shi, kuma idan dare ya yi jama'a sun watse, allon nan yana nan yana shan wuta ba ya tsinana komai.

Maganar da kuka ji ta haɗa dabaru biyu da ba lokaci ɗaya aka haife su ba. Ta farko ita ce raba manhaja da ƙarfe, a ɗauki aikin da akwati na musamman yake yi a ɗora shi kan manyan kwamfutocin gama-gari irin waɗanda ake jerawa a cibiyoyin adana bayanai. China Mobile ya gabatar da tunanin tattara BBU masu yawa wuri guda tun 2010, sannan a 2012 wasu manyan kamfanonin sadarwa suka fitar da takardar da ta kai ga kafa kwamitin NFV, mai kula da mayar da ayyukan akwatunan sadarwa zuwa manhaja, a ƙarƙashin hukumar ETSI ta Turai. Ta biyu ita ce yadda waɗannan manhajoji za su riƙa magana da juna bayan an raba su da ƙarfen, kuma nan ne tsarin hidimomi ya shigo, a cikin fitowa ta 15 ta ƙa'idojin 3GPP, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin wayar salula, a 2018. Ana iya yin ta farko ba tare da ta biyu ba, kuma a gaskiya yawancin abin da ake sayarwa yau da sunan sashen rediyo na manhaja haka yake: tsohon tsarin magana ne a kan sabon ƙarfe.

A cibiyar 4G, kowane akwati biyu da ke hulɗa suna da mahaɗa tasu ta musamman mai suna da ƙa'idarta, kuma sai injiniya ya zauna ya rubuta wa kowanne adireshin abokinsa. A cibiyar 5G an sauya wannan. Kowane aiki yana shelanta hidimomin da yake bayarwa, ya yi rajista a wani kundi da ake kira NRF, duk wanda yake buƙatar hidimar ya tambayi kundin, a ba shi jerin masu bayarwa da ke raye a wannan lokaci, ya zaɓi ɗaya. Kamar direban da ya shigo Mile 12 da lodin tumatir daga Arewa ne: idan dillali ɗaya tak ya sani, ranar da dillalin bai fito ba kayansa sun shiga uku, amma idan akwai ofishin ƙungiya mai rajistar duk dillalan da ke kasuwa a ranar, sai ya tambaya a haɗa shi da wanda yake nan. Yaren da aka zaɓa don wannan hulɗa shi ne na intanet da kowa ya sani, HTTP/2 da JSON, tare da bayanin kowace hidima a tsarin OpenAPI. Hulɗar iri biyu ce: ko dai ka yi tambaya a ba ka amsa, ko ka yi rajistar cewa idan abu kaza ya faru a sanar da kai.

Idan mutum ya kunna wayarsa a kan cikakken tsarin 5G, saƙon rajistarta yana isa ga AMF, mai kula da shiga da zirga-zirga. AMF ya tambayi kundin wane AUSF ne zai tantance layin, AUSF ya nemi bayanan mai layin daga UDM mai kula da su, bayan an gama SMF, mai tsara haɗin data, ya shirya hanyar data ya zaɓi UPF, wato ƙofar da datar za ta bi. Idan ɗaya daga cikin kwafin SMF ya faɗi, kundin ya cire shi daga jeri, wani ya karɓi sabbin buƙatu. Amma ka lura da inda tsarin ya tsaya, domin nan ne ainihin tambayarka. Mahaɗar N2 da ke tsakanin tashar rediyo da AMF ba ta cikin tsarin hidimomi. Ana tura saƙonninta ne a dunƙule cikin tsarin lambobi na ASN.1 a kan SCTP, wata hanyar aika saƙo da ba HTTP ba, daga wuri sananne zuwa wuri sananne, kamar yadda aka saba tun zamanin 4G. Haka Xn da ke tsakanin tashoshi, haka F1 da E1 da ke cikin tashar kanta. Ko a cikin cibiyar ma, N4 da ke tsakanin SMF da UPF an bar ta da nata yaren na PFCP. Waɗanda suka rubuta ƙa'idar sun san abin da suke yi: duk inda aka kusanci ainihin datar mai waya ko aka kusanci iska, sun janye hannunsu daga HTTP.

Abin da 3GPP ta yi wa sashen rediyo shi ne tsaga shi. Bayan nazarin wurare 8 da za a iya yankawa, ta amince da yanka na sama, wanda ya raba aikin BBU gida biyu: CU, sashen tsakiya, da DU, sashen da ya fi kusa da rediyo. CU yana riƙe da RRC, mai ba waya umarnin haɗuwa da ƙaura daga tasha zuwa tasha, da PDCP mai ɓoye bayanai da jera su, kuma shi kansa an raba shi gida biyu, na umarni da na data. DU yana riƙe da RLC mai gutsuttsura bayanai da sake aika wanda ya ɓace, da MAC mai raba wa wayoyi lokacin iska, da babban ɓangaren sarrafa sigina. Daga baya ƙungiyar O-RAN, wadda AT&T da China Mobile da Deutsche Telekom da NTT DOCOMO da Orange suka kafa a 2018, ta fayyace yanka na ƙasa tsakanin DU da akwatin rediyo, wato RU, wanda ake kira 7-2x, domin rediyon wani kamfani ya iya aiki da DU na wani.

Yanzu mu zo ga agogon DU, kuma ina so ka tsaya a nan sosai. A zangon gigahaz 3.5 da hukumar NCC ta yi gwanjonsa a Disamban 2021, wanda MTN da Mafab suka ci kowanne da megahaz 100 kan dala miliyan 273.6, tazarar da aka fi amfani da ita tsakanin ƙananan igiyoyin sigina kilohaz 30 ce, kuma hakan yana nufin tsawon kowane gurbin lokaci rabin milisakan ne. Sau 2,000 ke nan a kowane sakan mai rabon da ke cikin MAC zai duba duk wayoyin da ke ƙarƙashin tashar, ya ga wacce ce take da kaya a layi, wacce ce siginarta ya yi kyau a wannan ƙiftawar, wacce ce saƙonta na baya bai isa ba, ya yanke hukunci, a shirya siginar, a aika wa RU kafin gurbin ya zo. A 4G ma, inda gurbin yake milisakan 1, tasha tana da kimanin milisakan 3 kacal ta warware abin da waya ta aiko ta ce ya isa ko a sake. Iska ba ta jira. Idan lissafi ya makara, gurbin ya wuce fayau, wayar ta ɗauka ba a ji ta ba, ta sake aikowa, saurin data ya faɗi, idan abin ya yawaita kiran ya yanke. Ka kwatanta wannan da abin da hulɗar HTTP take buƙata: a rubuta saƙo da haruffa cikin JSON, a ɓoye shi da TLS, ya ratsa tsarin kwamfuta, ɗaya ɓangaren ya karanta harafi bayan harafi, ya amsa. Matsakaicin lokacin da wannan yake ci yana iya zama kaɗan, amma DU ba ruwansa da matsakaici. Abin da ya dame shi shi ne mafi munin jinkirin da zai iya faruwa sau ɗaya cikin dubu ɗari, kuma tsarin hidimomi bai ɗauki alkawarin komai a kan wannan ba.

Shi ya sa ko ɗora DU kan kwamfutar gama-gari, ba tare da an sauya yarensa ba, aiki ne mai wuya. Sai an sa Linux na musamman mai cika lokaci, a keɓe wasu ƙwaƙwalen na'urar kada wani aiki ya taɓa su, a sa fakiti su tsallake tsarin da aka saba, ta amfani da dabaru irin su DPDK da SR-IOV. Duk da haka warware lambobin gyaran kuskure na LDPC yana da nauyin da ya sa ake ƙara kati na musamman. An ma rabu gida biyu a kan wannan kati: Intel ya fi karkata ga a bar yawancin aikin a babbar ƙwaƙwalwa a miƙa wa katin ɓangare mai nauyi kawai, kamfanoni irin su Marvell da Qualcomm kuma suna yin katin da yake ɗauke duk matakin sarrafa siginar. A ganina duk wanda ya zaɓi kati ya sake ɗaure kansa da wani mai ƙera kaya, sai dai igiyar ta fi ta dā tsawo, kuma ya kamata masu sayen kaya su faɗa wa kansu wannan gaskiyar kafin su sa hannu.

Sai kuma batun nisa, wanda shi ne ya fi shafar Legas. Haske yana cin kimanin maikrosakan 5 a kowace kilomita ta faiba, kuma kasafin jinkirin da aka saba warewa tsakanin DU da RU bai wuce maikrosakan 100 ba a tafiya ɗaya. Lissafi ya ba ka kilomita 20 a mafi yawa, kafin ka cire abin da na'urorin kan hanya za su ci, kuma tsawon faiba ake aunawa yadda ta bi titi ta zagaya, ba nisan da kake gani a taswira ba. Daga Ikeja za ka iya riƙe turakun Agege da Ogba. Ba za ka riƙe na Badagry ko na Epe ba, kuma gadar Third Mainland kaɗai ta kusa kilomita 12. Nauyin da faibar za ta ɗauka ma ba wasa ba ne. Tashar 4G mai megahaz 20 da eriya biyu, wadda ba ta ba masu waya abin da ya wuce megabit 150 a sakan, tana buƙatar kusan gigabit 2.5 a kan CPRI, ko ana amfani da ita ko ba a yi. Da a ce an bi wannan hanya da rediyon 5G mai eriya 64 da megahaz 100, da buƙatar ta haura gigabit 200. Wannan ne ya haifar da eCPRI, sabon salon CPRI, a 2017 da yankan 7-2x, inda aka mayar da wani ɓangaren lissafi cikin RU har buƙatar ta sauko zuwa abin da mahaɗa mai gigabit 25 za ta iya ɗauka. Ko da hakan, faiba ce ta kanka kake buƙata zuwa kowane turke, kuma turakun da har yanzu suke dogaro da kwanon maikrowef ba su cikin wannan lissafi.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa a wurin horo ba, shi ne daidaita agogo. Zangon 3.5 na aikawa da karɓa ne a kan mita ɗaya bi da bi, don haka dole duk tashoshin da ke maƙwabtaka su yi daidai da agogo ɗaya cikin maikrosakan 1.5. Idan wata ta kauce, za ta riƙa aikawa lokacin da maƙwabciyarta take saurare, ta toshe mata kunne. A tsarin da ka saba, ƙaramar farar eriyar GPS ɗin nan da ke jikin turke ita take ba BBU lokaci. Idan DU ya koma wani gini mai nisa, lokacin zai biyo faiba ne ta hanyar PTP, ƙa'idar raba lokaci tsakanin na'urori, kuma kowace na'urar da ke kan hanya sai ta san yadda za ta riƙe shi. Matsalar agogo ba ta zuwa da ƙararrawa mai ƙarfi. Za ka ga komai kore a allon sa ido, amma masu waya a wani layi suna kukan cewa ba sa iya tura hoto.

To ina tsarin hidimomi zai zauna? Wuri na farko shi ne ɓangaren umarni na CU, wanda yake aiki a ma'aunin milisakan goma-goma, kuma ana iya ajiye shi a nesa mai yawa. A yau idan SMF yana son gaya wa tasha ta buɗe hanyar data, sai saƙon ya bi ta AMF, wanda ba abin da zai yi da shi illa ya miƙa. Haka LMF, mai gano inda waya take, sai ta AMF yake kaiwa ga tasha. Masu goyon bayan sabon tsari suna cewa a fasa CU zuwa hidimomi, ta haɗa waya daban, ta ƙaura daban, ta kiran wayar da ke barci daban, ta ba da rahoton awo daban, kowacce ta yi rajista a kundi, kowane aiki na cibiya ya yi magana da wadda yake so kai tsaye, a kuma ajiye bayanan kowace waya a rumbu na daban domin idan kwafi ɗaya ya faɗi wani ya ɗauka daga inda ya tsaya. Amfanin a fili yake: ranar Sallah, lokacin da dubban mutane suka taru a filin idi na Obalende suka ciro waya a lokaci guda bayan sallame salla, hidimar haɗa waya ce kaɗai za a ƙara wa kwafi na ɗan lokaci. Amma akwai farashi. Ƙaura ɗaya da a yau take faruwa a cikin manhaja guda za ta zama saƙonni da yawa tsakanin hidimomi, kowanne da jinkirinsa da yiwuwar ɓacewarsa. AMF da ake ganin kamar ɗan aike ne kawai yana kare cibiya daga dubban tashoshi, waɗanda da yawansu suna wuraren da ɓarawo zai iya kaiwa gare su, kuma idan aka buɗe musu ƙofa kai tsaye, sai kowace tasha ta riƙe takardar shaida da izinin kowace hidima. Wannan muhawara tana cikin abubuwan da ake tattaunawa game da 6G. Ni ra'ayina shi ne a buɗe hidimomin rahoto da na gano wuri da na tsare-tsare, a bar ƙaura da haɗa waya a dunƙule har sai an nuna da awo cewa fasa su bai ƙara yankewar kira ba.

Wuri na biyu, wanda ya riga ya fara aiki, shi ne na'urar sarrafawa da O-RAN ta kira RIC. Iri biyu ce. Akwai mai aiki tsakanin milisakan 10 zuwa sakan 1, wadda ƙananan manhajojin xApp suke zama a kanta suna magana da CU da DU ta mahaɗar E2. Akwai kuma mai aiki a sama da sakan 1, mai ɗauke da ƙananan manhajojin rApp, tana cikin tsarin gudanarwa. Ka duba yadda ma'aunin lokaci ya sake yanke hukunci a nan: E2 tana da ruhin hidima, domin ana yin rajista a ce a riƙa turo rahoton kaza, amma a kan SCTP da ASN.1 take tafiya, ita kuwa A1 da ke sama HTTP da JSON ce, haka R1 da rApp suke amfani da ita an gina ta ne bisa rajista da neman hidima. A nan nake ganin riba mafi kusa ga gari irin namu. Sashen rediyo shi yake cin fiye da kashi biyu cikin uku na wutar da kamfanin waya yake amfani da ita, kuma a Najeriya yawancin wutar nan dizal ce. Turakun da ke kewaye da Marina da Balogun da Idumota suna cika maƙil da rana, da dare kuma kusan babu kowa. Manhajar da za ta koyi wannan yanayi, ta kwantar da wasu zangunan bayan an tashi kasuwa, ta tashe su kafin asuba, ba ta buƙatar amsa cikin milisakan, kuma litar da za ta rage ana iya ƙirga ta a tankin janareta. Masu ƙera kaya sun daɗe da irin wannan dabara a cikin nasu tsarin, sabon abin shi ne manhaja ɗaya ta iya yin haka a kan kayan kamfanoni daban-daban, kuma wani matashi da ke zaune a Yaba ya iya rubuta ta.

Irin wannan kai-komo na jama'a shi ne hujjar tattara CU wuri guda. Mutanen da suke cika Tsibiri da Victoria Island da rana su ne suke komawa Alimosho da Ikorodu da Agege da dare, don haka kwamfutocin da suka yi wa wancan ɓangare aiki da hantsi za su iya juyowa wannan bayan magariba, maimakon a sayi kayan da zai ishi kololuwar kowane wuri daban. Legas tana da wuraren ajiye su, irin su Rack Centre a Ikeja da MDXi a Lekki. Da ni za a tambaya, CU ya tafi cibiyoyi biyu ko uku da ke nesa da juna, DU ya zauna a gindin turke ko a wata ƙaramar mahaɗa da ba ta wuce 'yan kilomitoci ba.

Dalilina na ƙin ɗauke DU daga turke a yawancin wurare shi ne abin da kai ma kake gani kullum. Faiba tana yankewa a garin nan saboda aikin titi da haƙar magudanar ruwa da masu ɓarna, har ta kai Gwamnatin Tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta kare a 2024. Idan faibar turke ɗaya ta yanke, unguwa ɗaya ce ta rasa sabis. Idan ta mahaɗar da ke riƙe da turaku 30 ta yanke kuma babu hanya ta biyu da ta bi wani titi daban, yanki guda ne zai yi shiru. Ga zafi da ƙura da danshin teku, alhali kwamfutar gama-gari ba ta jure abin da BBU yake jurewa sai an sayi wadda aka ƙera don waje. Ga shi kuma tun 2014 manyan kamfanonin waya sun sayar da dubban turakunsu ga irin su IHS da American Tower, don haka duk ƙarin wuta ko wuri a kabad magana ce ta kwangila da kuɗi. Sannan 5G da aka fara da shi a Najeriya a 2022, kamar a yawancin ƙasashe, irin wanda yake jingine da cibiyar 4G ne. Kafin a yi zancen shigar da tsarin hidimomi cikin sashen rediyo, sai an fara cin moriyarsa a cibiyar da aka ƙirƙire shi dominta.

Tambayar da ta fi kowacce nauyi a wurin masu gudanarwa ita ce wa za a kira idan abu ya lalace. A dā kamfani ɗaya ne. A sabon tsari rediyo na wani ne, kwamfuta ta wani, kati na wani, Kubernetes mai tafiyar da manhajojin na wani, manhajar DU ta wani, kuma kowanne zai iya rantsuwa cewa nasa lafiya lau yake. Rakuten na Japan, wanda ya buɗe cikakken tsarinsa na manhaja a Afrilun 2020, ya iya ne domin ya ɗauki aikin haɗawar a kansa da injiniyoyinsa, kuma daga fili ya fara, ba shi da tsofaffin 2G da 3G da zai riƙa lallaɓawa. AT&T kuwa, duk da yana cikin waɗanda suka kafa O-RAN, a Disamban 2023 ya ba Ericsson kwangilar da ta kai kusan dala biliyan 14 ya jagoranci aikin. Kamfanonin Najeriya, da suke karɓar naira suna sayen kaya da dala, kuma har yanzu miliyoyin masu layinsu suna kan 2G, ba za su tumɓuke kayan da ke aiki ba. Sauyin zai shigo ne ta sabbin wurare: cikin manyan gine-gine, tashoshin jiragen ruwa da masana'antu masu son tsarinsu na kansu, da ƙauyukan da ake kafa ƙananan turaku masu hasken rana.

Game da aikinka, eriya da RU da batir da janareta ba za su taɓa zama manhaja ba, kuma rediyon 5G mai eriya 64 ya fi na dā nauyi da buƙatar a saita shi daidai. Abin da zai ƙaru shi ne darajar wanda ya haɗa sanin turke da sanin kwamfuta, domin irinsa ne kaɗai zai iya bambance laifin manhaja da na kan faiba mai datti. Ka fara da kyautata abin da ke hannunka: duba kan faiba da madubinsa kafin ka jona, goge shi, auna ƙarfin haske, karanta sakamakon OTDR, na'urar gano inda faiba ta lalace, da kanka, domin mahaɗa mai gigabit 25 ba ta yafe ƙurar da mai gigabit 2.5 take yafewa. Daga nan ka koyi Linux har ka saba da baƙin allo, ka fahimci IP da VLAN da PTP, sannan kwantena, wato ƙunshin da ake gudanar da manhaja a ciki, da Kubernetes. Ba sai ka jira kamfani ya tura ka kwas ba. Da kwamfutar tafi-da-gidanka mai ƙwaƙwalwar gigabait 16, irin wadda za ka samu ta hannu a Computer Village, za ka iya ɗora Open5GS ko free5GC a matsayin cibiya, ka haɗa da srsRAN ko OpenAirInterface a yanayin kwaikwayo wanda ba ya fitar da sigina a iska, don haka ba ka taɓa zangon da NCC ta ba wani lasisi ba. Ka buɗe Wireshark, manhajar kallon saƙonnin da ke wucewa, ka yi rajistar waya ɗaya, ka bi saƙon NGAP, yaren mahaɗar N2, yana shiga AMF a kan SCTP, sannan ka ga yadda AMF yake juyawa ya nemi AUSF da HTTP/2. Bayan haka ka kashe SMF da gangan, ka duba abin da kundin NRF ya yi da rajistarsa, ka sake tashe shi, ka auna tsawon lokacin da wayar ta ɗauka kafin ta sake samun data.